Gwiwar Kamilu

Asabar, bayan magariba

Mun ci wasan kusa da na ƙarshe, amma a goye aka shigo da ƙanena Kamilu gida. Wani mai tsaron baya ne ya shigar masa ta gefe, gwiwarsa ta dama ta kumbura kamar an cusa mata lemo. Gwaggo Balaraba, ƙanwar Baba, wadda muke zaune a wurinta, ta baro tukunyar abincinta a bakin titi ta zo tana salati, ta dafa ruwa ta gasa masa. Shi kuwa dariya yake yi, wai ya ga wanda ya fi wannan. Wasan ƙarshe Asabar mai zuwa ne, a filin Kiru.

Ɗazu a bakin fili Badiyya 'yar ajinmu ta ce min, "Gyara, sai fa ki dage da addu'a." 'Yan mata suka kwashe da dariya. Ni ma na taya su.

Tun zuwanmu bara suke kirana da wannan suna. Koci Mujitaba ne ya ga wasan Kamilu a makarantarmu ta gwamnati a Tudun Wada, ya yi ta sintiri gidanmu da sabon takalmin ƙwallo a leda. Ya ce mai makarantarsu ta kuɗi a Kwanar Dangora, wanda kowa ke kira Darakta, zai ɗauki yaron kyauta, littattafai da kayan makaranta duk a kansu. Ina bayan ƙofar zaure ina ji. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "In dai karatu ne kyauta, mai son karatun tana cikin gida. Ku haɗa da yayarsa, ko ku bar min su duka." Koci ya fita waje ya yi waya, ya dawo ya ce an yarda. Haka na zo a matsayin gyara, kamar tumatirin da mai kayan miya ke ɗora wa wanda ya yi ciniki mai kyau.

Ba Kamilu kaɗai aka ɗauko ba. Golanmu daga Doguwa yake, masu tsaron baya daga wajen Bebeji. Da suka ci kofi bara aka manna hoton Kamilu a allon makaranta a kan kwana, iyaye suka yi ta kawo yara. Ni kaɗai ce aka ɗauko ba don ƙafa ba.

Ba na ƙorafi. A can gida zana mana madubin likita ake yi a allo. A nan na sa idona a cikinsa, na ga ɓawon albasa ya zama ɗakuna a jere. Ina aji shida. Ina son in karanci aikin jinya, kuma Kamilu kaɗai na taɓa gaya wa.

Litinin, bayan azahar

An kai shi ƙaramin asibiti. Malamin asibitin ya matsa nan ya matsa can, Kamilu ya cije leɓe. Ya ce jijiya ta taɓu, a ɗaure ta, kada ya kusanci ƙwallo sai an yi hutu an dawo. Koci yana tsaye yana danna waya kamar ba da mu ake ba.

Talata da safe

Kumburin ya ɗan saɓe. Na yi murna, sai na tsaya ina tambayar kaina don wa na yi.

Laraba, bayan an tashi

Da aka fita hutun tara Koci ya aiko a kira ni gindin darbejiya.

"Ramla, ya jikin ƙanen naki?"

"Da sauƙi, Malam."

"Sauƙin zai kai mu Asabar?"

Na ce ai a gabansa aka yi bayani a asibiti. Ya yi murmushi ya ce mutanen asibiti ko tari ka yi sai su ce ka kwanta. Sannan ya rage murya.

"Mako mai zuwa za a fara rajistar jarrabawar fita. Taki Darakta ne zai yi, kin sani. Ni dai ba na so ransa ya ɓaci a irin wannan lokaci. Yaron nan ya ce min ba zai buga ba sai da izinin mahaifinku. Maganar mutum biyu yake ji a duniya, mahaifinku da ke."



"Ban ce ki yi komai ba," in ji shi. "Je ki aji."

Darasin da aka yi bayan nan ban san a kan me aka yi ba.

Alhamis, bayan la'asar

Gwaggo ta bar wayarta a caji ta tafi bakin titi. Kamilu ya ɗingisa ya tafi kallon atisaye. Wayar ta yi ƙara, na duba, Baba ne. Suna tsakiyar yankan shinkafa, kuma a fadama babu sabis, sai da ya hau babur ya fito titi don ya kira.

"Ramlatu, an ce min ƙafar ta kumbura."

"Ta saɓe, Baba."

"Ko ta saɓe. Ki gaya masa na ce kada ya taka ƙwallo sai ta warke sarai. Ko da kofin na zinare ne. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

"Maimaita."

Na maimaita masa kalma da kalma. Ya ce madalla, ya ce in gaida Gwaggo.

Kamilu ya dawo dab da magariba. Na same shi a bayan ɗaki yana kwance bandeji. Na ce Baba ya kira. Ya ɗago da sauri ya ce, "Me ya ce, Yaya?"

Mun yi magana.

Juma'a da hantsi

Na tashi na tarar yana wanke takalminsa da tsohon buroshi, yana waƙa. Ya ce, "Wallahi na ɗauka Baba zai hana. Ashe tsohon nan ya san ƙwallo."

Gwaggo tana tankaɗe, ta dakata. "Yaya Wada ne ya ce ka buga?"

"Tambayi Yaya Ramla, ita ta ɗauka."

Ina shara. Na ɗaga kai alamar e, na ci gaba da sharar wurin da na riga na share.

Juma'a, bayan la'asar

A sallah na rasa raka'a ta nawa nake. Na sake, na kuma rasa.

Asabar da sassafe

Koci ya zo a babur da wani mai kemis. Aka yi masa allura a gefen gwiwar, wai ta kashe zafi. Na san abin da hakan ke nufi, mun karanta. Ciwo yana nan inda yake, jiki ne kawai ya daina faɗa. Ni na riƙe musu audugar.

Bayan ɗan lokaci ya miƙe ya yi tsalle a tsakar gida. "Kin gani, Yaya? Garau."

Har yanzu bai fita ba. Ina jin sa yana ɗaure jaka. Tsakanina da shi labule ne kawai.

Lahadi da safe, a asibiti a Kano

Filin ya cika har kan katanga. Darakta yana cikin rumfa da babbar riga. Ɗaya makarantar ma tattaro nata ta yi daga ko'ina, wasunsu har da gemu. Kafin hutun rabin lokaci aka bugo ƙwallo daga kwana, Kamilu ya tashi sama da kowa ya sa mata kai, ta shiga raga. Na yi ihu har mayafina ya zame. A lokacin na ce a raina, ka ga, babu abin da ya faru, Baba ma in ya ji zai yi murna.

Da aka dawo bai jima ba. Ya karɓi ƙwallo zai juya da ita, sai ya faɗi. Ba wanda ya taɓa shi. Ina ta jira ya yi dariyar nan tasa ya tashi. Ya kama ciyawa da hannu biyu yana ja, bakinsa a buɗe, muryarsa ba ta fita.

A motar makaranta aka kawo shi. Muna hanya aka bugo wa Koci cewa an tashi, mun ci kofi. Ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, sannan ya tuna inda yake.

Litinin, bayan azahar

Baba ya zo. Daga fadama ya taho, da ƙaiƙayin shinkafa a hularsa. Ɗakin cike yake, ga Gwaggo, ga Koci, ga masu jinyar sauran gadaje. Ya tsaya a ƙarshen gadon ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Ba na aiko a gaya maka kada ka buga ba?"

Kamilu ya kalli Baba. Sannan ya juyo ya kalle ni. Ina tsaye riƙe da kwanon kunu. Ban san ko da ido na roƙe shi ba. Ina jin na roƙa.

"An gaya min, Baba," in ji shi.

"To me ya kai ka?"

"Taurin kai."

Baba ba mai ɗaga murya ba ne, amma yau ya ɗaga. Ya ce ya haifi ɗan da ƙwallo ta fi ubansa daraja a wurinsa. Ya ce tafin 'yan kallo ya fi masa albarkar iyaye, to ga tafin nan ya kwanta a kansa. Ya ce da kunnen ƙashi da ƙafar katako duk ɗaya ne, ba sa kai mutum ko'ina. Masu jinya suna ta ba shi haƙuri. Kamilu ya juya fuskarsa bango.

Da Baba zai fita ya tsaya a gabana. "Ke kin sauke naki. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin.

Gwaggo tana kallona.

Talata

Na ce amin.

Laraba, bayan an tashi

Gwaggo ta ce in koma makaranta, ita za ta zauna da shi. A taron safe aka ɗora kofin a kan tebur, aka ɗaura masa kyalle. Darakta ya ce Kamilu jarumi ne, makaranta ba za ta taɓa mantawa da shi ba, duk abin da ake bukata yana wuyansa. Aka yi tafi. Badiyya ta zo ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu, Ramla." Da sunana ta kira ni. Gara ta kira ni da wancan.

Bayan tara aka kira 'yan aji shida ɗaukar hoton rajista. Sunana yana ciki. Mai hoton ya yi ta cewa in daina sunkuyar da kai.

Juma'a da yamma

Sakamakon hoto ya fito. Jijiyar cikin gwiwa ta tsinke, sai an yi aiki. Likita ya ce in an yi zai taka, zai yi noma. Da Gwaggo ta tambaye shi ƙwallo fa, ya ce kada a yi gaggawar wannan magana.

Darakta ya aiko da katan ɗin lemo. An ce ya yi tafiya.

Lahadi, bayan azahar

An sallame su, sai an shirya a koma a yi aikin. Motar ta tsaya a kwana don a ɗauki jakarsa. Na fito da ita da gudu. Yana kujerar baya, ƙafar a miƙe, ya rame. Daidai saman motar ga allon makaranta, ga shi a jiki yana dariya da kofin bara.

Na ce, "Kamilu."

Ya ce wa direba don Allah a ja gilashi, rana tana dukansa.

Talata

An yi gwajin ilmin halittu. Ni na fi kowa. Na naɗe takardar na tura ƙasan jaka.

Alhamis, bayan an tashi

An kawo sabon yaro daga wajen Doguwa, dogo, mai tabo a goshi. Yau na hango shi a fili da rigar Kamilu mai lamba tara. Ta ɗan yi masa gajarta.

Koci ya wuce ni a baranda ya ce, "Ya jikin mutumin?" Na ce da sauƙi. Na ce Gwaggo tana ta kiran wayarsa a kan maganar aiki. Ya ce ai maganar tana ofis, ya wuce. Na so in tsane shi sosai, in ɗora masa duka. Na gwada. Tsanar ba ta zauna ba.

Asabar da yamma

Na je taya Gwaggo a bakin titi. Direbobi sun ragu, muna wanke kwanuka. Tun dawowarta daga asibiti ba ta yi min wata doguwar magana ba, abinci dai take tura min.

Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ni da kunnena na ji ranar Juma'ar nan. Na kuma ji abin da Yaya Wada ya faɗa a asibiti. Biyun ba su haɗu ba."

Ta karɓi kwanon da ke hannuna ta ɗauraye.

"Ba zan faɗa ba. Maganar ba tawa ba ce. Amma ki sani yaron nan kwana yake yi yana kuka a asibiti, kuma ba don ƙafar ba."

Wani direba ya zo ya ce a zuba masa shinkafa da wake. Ta tashi ta zuba masa, har da wasa da dariya.

Litinin

Ban je makaranta ba. Na ce kaina ke ciwo.

Laraba, bayan la'asar

Inna ta kira. Ta ce Malam Sani, malamin wasanni na tsohuwar makarantarmu, ya zo duba Kamilu. Shi ne ya fara koya masa ƙwallo, kuma tun da aka ɗauke shi bai sake taka gidanmu ba. Ya zauna a gefen tabarmar ya ce masa bencinsa na aji biyar yana nan, in ya fara takawa ya dawo, ba sai da ƙwallo ba.

Na tambayi Baba fa.

Inna ta yi ajiyar zuciya. Ta ce Baba ya ce shinkafar bana ba za ta shiga rumbu ba, ta aikin gwiwa ce. Amma tun da suka dawo bai yi wa Kamilu magana ba. In ya gaishe shi, da ka yake amsawa. A majalisa mutane suna ba da misali da shi in za su yi wa 'ya'yansu faɗa. "Ki yi ta yi wa ƙanenki nasiha," in ji ta. "Ke yake jin maganarki."

Juma'a

Gobe zan tafi gida. Gwaggo ba ta tambaye ni dalili ba. Ta ƙulle min ƙosai a leda.

Asabar, bayan magariba, a gida

Ban shiga gida ba, fadama na wuce kai tsaye, don na san in na ga Inna zan fasa. Baba yana bugun shinkafa a jikin duro tare da 'yan ƙodago. Ya yi mamakin ganina. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da magana. Muka matsa gindin wata ƙanya.

Yau zan rubuta, tunda na faɗa da bakina. Abin da na ce wa Kamilu a bayan ɗaki shi ne: Baba ya ce ka buga, kada ka ba shi kunya a gaban mutanen da suka ɗauki nauyinmu.

Haka na maimaita wa Baba. Na gaya masa maganar rajista. Na gaya masa ni na riƙe audugar.

Ina jin ƙarar bugun shinkafa daga can. Sannan ya ce, "Kocin ne ya sa ki?"

Hanya ce ya buɗe min, na gan ta. Na ce, "Ya tsorata ni, Baba. Amma bai ce in yi ƙarya ba."

Ya ajiye damin da ke hannunsa ya kama hanyar gida da ƙafa, ya manta da babur ɗinsa. Na bi shi a baya. Na yi zaton bulala zai nema, kuma wallahi da na ji daɗi.

Kamilu yana kan tabarma a inuwar ɗaki, ƙafar a kan matashi. Inna tana bakin murhu. Baba ya je har gaban tabarmar, ya durƙusa. Ludayi ya faɗi daga hannun Inna.

"Kamilu, na ci mutuncinka a gaban mutane a kan abin da ba ka yi ba. Ka yafe min."

Kamilu ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafar ta hana shi. Ya kama hannun rigar Baba yana cewa, "Baba ka tashi. Don girman Allah ka tashi." Sai ya fashe da kuka irin na yara, da sheshsheƙa. Baba ya riƙe kansa ya jingina da ƙirjinsa.

Tun da nake ban taɓa ganin gwiwar Baba a ƙasa ba sai a sallah. Ni na kai ta.

Da aka natsu na matso na ce ba zan koma makarantar ba. Inna tana share ido da gefen zane, ta ƙi yarda mu haɗa ido. Can Kamilu ya yi magana, yana kallon ƙafarsa.

"Ki koma ki rubuta jarrabawarki."

Na ce, "Kamilu, ka yafe min."

"Ban yafe ba tukuna. Ba zan miki ƙarya ba. Amma ki koma."

Lahadi, bayan azahar, a Kwanar Dangora

Da hantsi Baba ya fito da babur ya ce in hau. Kamilu yana barci, ko ya yi kamar yana yi. Inna ta miƙo min ƙunshin ɗanyar shinkafa in kai wa Gwaggo, ta ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan.

Baba ya kai ni tasha. Ya samo min mota, ya zaɓa min kujerar gefen taga, ya gyara min jakata a ƙarƙashin ƙafa kamar yadda yake yi tun ina ƙarama. Na ɗauka zai tafi haka. Ya tsaya a bakin tagar, yana kallon titi.

"Ki yi karatunki da kyau. Ni na ce a haɗa da ke, kuma ban yi nadama ba."

Ya juyo ya kalle ni.

"Amma daga yau, Ramlatu, in ina da magana da ɗana, da ƙafata zan zo."

Ya daki jikin motar ya ce wa direba su tafi.